Gwaggo Mai Tef da Rigar da Na Farke Sau Uku

Gwaggo, ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, jim kaɗan bayan la'asar, ina tsaye a teburin yanka da almakashi a hannu, babbar 'yarki ta kira ni a waya. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Akawu, Gwaggonki ta cika." Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Na ajiye almakashin a kan yadin, sai na tsinci kaina a kujerarki, wadda ban taɓa zama a kanta ba cikin shekara goma sha bakwai da na yi a shagonki.

Kin rasu kina da shekara sittin da tara, bayan kwana tara kina jinyar ciwon huhu a asibiti. Da gangan na fara da faɗin wannan. A wajen zaman gaisuwa na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa, "Ai abin nan ne ya dawo mata." Ba shi ba ne. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da aka yi miki aikin sankarar mama, kuma har kika bar duniya ciwon bai sake leƙo ki ba. Sai da na tambayi 'yarki, na sake tambayarta, sannan na rubuta. Na san da kina raye wannan raɗar za ta ɓata miki rai ƙwarai, domin irinta ce take sa mace ta ɓoye ciwonta, ta ce ko an yi aikin ma mutuwa za a yi.

Ga wanda bai san ki ba, telar mata ce ke. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanki, shi ya sa yara da manya suke ce miki Gwaggo Mai Tef. Ni kuwa ɗaya ce daga cikin mata biyar da suke ɗinki a ƙarƙashinki. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ban tabbata ni ce na dace da yin wannan rubutu ba. Abin da nake da shi kawai shi ne ɗabi'ar rubuta abin da ya faru a yini, kullum kafin magariba, a littafin makaranta mai layi. Yanzu ina cikin na goma sha ɗaya. Ranar da kika fara kama ni ina yi, makona na farko a shago, kika leƙa ta kafaɗata kika ce, "Ni tela na nema, ashe akawu aka kawo mini." Daga nan sunan ya bi ni, har 'ya'yana sukan kira ni da shi idan suna son tsokana. Duk ranakun da zan ambata a nan daga littattafan nan na ɗauko su.

Shagonki hawa biyu ne. Kekunan ɗinki suna sama, dutsen guga yana ƙasa, kuma tsakaninsu matakala ashirin da biyu ce, na ƙirga. Duk sabuwar zuwa sai ta ba da shawarar a hau da dutsen gugar sama, ni ma na bayar. Kika ce, "Shekara nawa na yi a zaune a kan keke daga safe har dare ya yi, ba na tashi sai salla? Dutsen nan a ƙasa zai mutu." A kan taga kuma akwai tsohon agogo mai ƙararrawa. Duk awa ɗaya sai ya buga, kowa ta sauke ƙafa daga keke ta miƙe, ko da kuwa tana tsakiyar ɗinkin wuya ne.

Bayan an yi miki aiki ne kika koma wajen likitarki da tambaya guda: me mace za ta yi don ta rage haɗarin kamuwa da wannan ciwo? Abin da ta gaya miki shi kika yi shekara ashirin kina rabawa, ba a taro ba, ba a lasifika ba, sai a bayan labulen gwaji, kina zagaya mutum da tef.

Littafin awonki ba irin na sauran teloli ba ne. Kowace mace da shafinta: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo, da kwanan wata. Ba kya goge tsohon awo, a ƙarƙashinsa kike rubuta sabo. Saboda haka idan mace ta zo, shekarunta gaba ɗaya suna gabanki. Sai ki ɗaga tabarau ki ce, "Hajiya, inci huɗu a ƙugu cikin shekara biyu. Ni ba ruwana, yadi zan ƙara. Amma ƙiba bayan al'ada ta ɗauke ba ado ba ce, tana cikin abin da ke jawo ciwon nan." Wasu sun yi fushi sun kwashe yadinsu. Yawancinsu sun dawo, domin ba wanda ya iya zaunar da riga a jiki kamar ki.

Daga bayan labulen nan tafiyar safe ta samo asali. Kwana biyar a mako, da gari ya yi haske, mu taru a ƙofar shago, mu bi ta gefen makarantar firamare, mu zagaya filin ƙwallo, mu dawo ta gaban gidan burodi. Minti talatin da biyar ne idan Mai Kanti ba ta tsaya gaisawa da mutane ba. Mai Kanti ita ce maƙwabciyarmu da ke sayar da kayan masarufi, mace mai jiki da son raha, wadda a da ba a ganinta sai da lemon kwalba a hannu. Kullum sai kun yi.

"Gwaggo, ke dai kin tsani ki ga mutum yana jin daɗi."

"So nake ki daɗe kina jin daɗin, mara kunya. Ajiye kwalbar nan ki ɗaga ƙafa."

"Wallahi na lahira ya fi ni hutawa."

"To yi haƙuri, ba yanzu za ki je ba."

Ta fara da zagaye rabin fili tana haki tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro takalmi. Yau ita ce take buga mana ƙofa.

Ba zan iya lissafa komai ba. Akwai kujera mai hannu da kika ajiye a kusurwar sama don mai shayarwa a cikinmu, kika ce kada wadda ta yaye ɗa da wuri saboda aikinki, domin shayarwa kariya ce ga ɗa, kariya ce ga uwa. Akwai ranar da wata budurwa ta ciro ƙwayoyin sa ƙiba daga jaka tana nuna wa 'yan shago, kika karɓa kika juya kwalin, kika ce, "Wane likita ya rubuta miki? Mai sayarwa ya san sunanki?" Kin sha faɗin cewa giya da taba ba su da wani alheri ga ƙirjin mace, har hayaƙin na kusa da ita. Baba, maigidanki, tsohon direba, ya fi kowa sanin wannan. Ba ki taɓa yi masa faɗa a kan sigari ba. Kujerarsa kawai kike matsarwa, kowane mako taku biyu, daga falo zuwa baranda, daga baranda zuwa tsakar gida. Da ya ga ta kai bakin ƙofar gida, sai ya ce shi ba maigadi ba ne, ya daina.

Kuma duk wadda kika auna, kafin ta fita sai kin ce mata, "Ki san ƙirjinki kamar yadda kika san fuskarki. Sau ɗaya a wata, in kin yi wankan tsarki, ki duba ki shafa har hammata. Kika ji baƙon abu, asibiti, ba wajen ƙawa ba."

Na ji wannan magana ta fi sau dubu. Duk da haka ga abin da na yi.

Ina da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, Auta muke ce mata. Shekarunta talatin da takwas, 'ya'yanta uku, tana koyarwa a firamare a ɗaya gefen gari. Bara ta kawo yadi shuɗi ta ce ni take so in ɗinka mata. Na ɗauki awonta daga littafinki, na yanka, na haɗa. Ranar 5 ga Oktoba ta zo gwaji. Gefen dama ya zauna lafiya lau, amma na hagu ya tattare, daga ƙasan hammata zuwa inda ake tsuke ƙirji. A littafina na rubuta: "Na karkata almakashi. Shekara goma sha shida ina yanka, har yanzu." Na ce ta bar mini rigar, na farke na sake. Ban nuna miki ba, kunya nake ji.

Ranar 26 ga Oktoba ta dawo. Ta sake tattarewa, har ta fi ta farko. Na rubuta: "Ko idona ne ya fara rauni?" Na farke. Na je har aka gwada mini ido.

Ranar 23 ga Nuwamba ta dawo karo na uku, rigar ta ƙi. Auta ta shiga bayan labule tana canzawa, ni kuma na raɓe bayan keke ina tsinke zare da reza. Ban ji hawowarki ba. Kika zare rigar daga hannuna, kika shimfiɗa a tebur, kika ninka ta biyu. Hagu ta hau kan dama daidai, ko zare ɗaya bai fita ba. Kika ɗora tef, kika buɗe shafin Auta, kika daɗe kina kallo.

Kika ce, "Sau nawa kika farke ta?"

Na ce, "Wannan ne na uku, Gwaggo. Ki yi haƙuri."

"Akawu, ɗinkinki daidai yake. Tun na farko daidai yake. Ba rigar ce ta canza ba."

Kika ɗaga labule kika shiga. Ina jin ki kina cewa, "'Yata, ɗaga hannunki in gani." Daga nan sai kukan Auta ƙasa-ƙasa. Ƙullutu ne a gefen hagu, wajen hammata, ya ɗan kumbura wurin, fatar kuma ta lotsa. Ta san da shi tun kafin ta kawo yadin. Man zafi take shafawa, ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta.

Ranar Litinin ke kika raka ta asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito: shi ne. Likita ta ce bai yi nisa ba, amma sai an cire maman. Auta ta ce ba za a taɓa ta ba. Ta zo shago ta zauna a kujerar masu shayarwa, ta dube ki ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Gwaggo, me ban yi ba? Kullum a ƙafa nake zuwa makaranta. 'Ya'yana uku, kowanne sai da ya kusa shekara biyu yana sha. Ba na shan lemo, ba na shan komai. Ina amfanin duk abin da kika sa mu?"

Na sunkuyar da kai, domin tambayar tana cikin littafina tun kwana uku kafin nan, na rubuta na ja mata layi biyu.

Kika ce, "Ban taɓa ce miki tafiya tana kulle ƙofa ba. Ragewa take yi. A cikin matan da suke bi na, akwai waɗanda da sun kamu amma ba su kamu ba, ba mu san su ba, su ma ba su san kansu ba. Akwai kuma wadda za ta yi komai daidai ya zo mata, ba laifinta ba ne. Amma dubi jikin da ya tarar. Ba hawan jini, ba sukari, kina hawa matakalar nan ba kya haki. Da wannan jikin za ki shiga ɗakin aiki, da shi za ki fito."

Auta ta ce, "In fito da rabin jiki?"

Sai kika miƙe, kika gyara tsayuwa, kika buɗe hannuwa. "To canki. Wanne ne nawa, wanne ne na tela?"

Duk mun san an yi miki aiki. Amma sai a ranar na gane cewa shekara goma sha shida ina zaune kusa da ke, ban san wane gefe ba ne. Auta ta duba, ta sake dubawa, ta nuna hagu. Kika ce, "Kin faɗi, malamar makaranta." Kika zura hannu ta wuyan rigarki, kika ciro wani ɗan matashi na auduga daga dama, wanda kika ɗinka da kanki, yana zaune a cikin aljihun da kika ɓoye a shafin rigar. Kika ɗora mata a cinya. "Ga shi nan. Shekara ashirin da ɗaya. Na aurar da 'ya'ya huɗu da shi, na ga jikoki tara. Wancan da aka cire, da na riƙe shi, ko ɗaya ba zan gani ba." Auta tana kuka tana dariya, ta rasa wanda za ta bari. Da yamma ta gaya wa mijinta komai. Shi kuwa cewa ya yi, "Ke nake aure. Yaushe suka ce mu je?"

An yi aikin ranar 19 ga Disamba.

Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne mako bakwai. Daga 5 ga Oktoba zuwa 23 ga Nuwamba, kwana arba'in da tara, ina farke riga ina zargin idona, ciwo yana girma a jikin ƙanwata. Na ƙirga su ta gaba, na ƙirga ta baya. Wata rana muna sauka wajen guga na gaya miki. Kika tsaya a tsakiyar matakala kika ce, "Laifinki ɗaya ne. Kin fi yarda da cewa ke mai kuskure ce fiye da yadda kika yarda da tef. Da kika auna kika ga daidai, sai ki ɗaga kai ki dubi mutum. Amma wata telar da ta saki gefen hagu da inci ɗaya, riga ta zauna, kowa ya tafi gida. Nacinki ne ya dawo da ita sau uku." Ban sani ba ko don ki kwantar mini da hankali kika faɗa. Na dai rubuta, kuma nakan koma in karanta.

Daga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu aka yi wa Auta ƙarin magani ta jijiya sau shida, duk bayan mako uku. Gashinta ya zube, abinci ya fita ranta. Ta dawo gidana da zama don ya fi kusa da asibiti. Likita ta ce ta riƙa ɗan motsawa gwargwadon ƙarfinta, sai kika bar mu muna zagaya fili, ke kika riƙa zuwa ƙofata. Ranar farko iyakarku bakin titi. Daga baya kuka kai gidan burodi. Kina riƙe da hannunta, kina ba ta labarin yadda naki gashin ya fito da furfura bayan magani, Baba ya ce an yi masa canji a asibiti.

A farkon Mayu kika sayo yadi shuɗi irin wancan. Kika sake auna Auta, kika rubuta sabon awo a ƙarƙashin tsoho, kika zana da alli, kika yanka, har da aljihun ɓoye. Ba ki kai ga haɗawa ba tari ya kwantar da ke. Da na je duba ki ranar Lahadi, tef ɗinki yana kan durowar gefen gado. Kika zare abin numfashi daga hanci kika ce, "Kin haɗa?" Na ce ina jiran ki warke, ban taɓa ɗinka irinta ba. Kika ce, "Akawu, allin yana nan. Bi layi." Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakaninmu.

Gwaggo, ga rahoton abin da ya biyo baya, na san za ki tambaya.

Na haɗa rigar. Kwana biyu na yi a kanta, ban farke ko sau ɗaya ba. Ranar Talata, 27 ga Mayu, muka je karɓar sakamakon hoton Auta. Likita ta ce ba su ga sauran komai ba. Ba ta yi mana alkawarin gobe ba, ta ce za a ci gaba da magani na sha, kuma Auta ta riƙa dawowa duk bayan wata uku. Muka ce mun gode wa Allah. Ni ma na kwanta aka duba ni, tunda an ce 'yar'uwar mai ciwon ta fi buƙatar sa ido. Lafiya lau.

Ranar Asabar, 31 ga wata, muka fito tafiyar safe karo na farko bayan rasuwarki. Na zaci mutum uku ko huɗu zan tarar. Mu goma sha tara ne, har da matar nan mai raɗa, wadda Mai Kanti ta je har gida ta jawo. Auta ta zo cikin shuɗiyar riga. Na zagaya ta sau biyu ina duban hammata da ƙirji. Ba inda ta tattare. Kafin mu tashi ta tsaya gaban Mai Kanti, ta buɗe hannuwa ta ce, "Anti, canki." Mai Kanti ta ƙura ido, ta karkata kai, ta nuna dama. Auta ta ce, "Kin faɗi." Muka yi ta dariya muna share hawaye a bakin titi, masu wucewa suna kallonmu. Ta zagaya filin gaba ɗaya, minti arba'in da takwas.

Dutsen guga yana ƙasa. Agogo yana bugawa. 'Yarki ta ba ni tef ɗin da littafin awo, kuma na ƙara abu ɗaya a dokar shago, wanda na rubuta na manna a bango: rigar da ta tattare a gefe ɗaya, a auna ta kafin a farke, in ta yi daidai a shiga bayan labule a yi magana.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Duk takun da wata mace ta yi saboda ita, duk jaririn da ya sha ya ƙoshi a kujerar nan, duk ranar da Ka ƙara wa Auta tare da 'ya'yanta, Ka sanya a mizaninta. Kamar yadda ta suturta bayinKa, Ka suturta ta da tufafin Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanta huɗu, da jikokinta tara, da abokan aikina na shago, da duk macen da take da shafi a littafin nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Baba, jiya na ga kujerarka ta koma falo. Ba komai, ka zauna. Amma ranar Litinin da safe za mu biyo ta ƙofar gida, kuma Mai Kanti ta rantse sai ka fito.